Maciej Nowicki: Mai zanen gine-gine ɗan Poland da ya rataya rufin zauren wasanni a kan igiyoyin ƙarfe

Maciej Nowicki, wanda Amurkawa suka fi sani da Matthew Nowicki, masanin zanen gine-gine ne ɗan ƙasar Poland, malamin jami'a, kuma mai tsara birane. Ana furta sunansa kamar a ce Macei Nobitski. An haife shi ranar 26 ga Yuni, 1910, ya rasu ranar 31 ga Agusta, 1950, a hatsarin jirgin sama a ƙasar Masar, yana da shekara 40.

Gine-ginen da aka kai ga ɗorawa daga zane-zanensa ba su da yawa, amma guda ɗaya daga cikinsu ya wadatar wajen dawwamar da sunansa. Wannan gini shi ne zauren Dorton da ke Raleigh, babban birnin jihar North Carolina ta Amurka, wanda aka kammala a 1952, shekara biyu bayan rasuwarsa. Zaure ne mai ɗaukar mutum fiye da 7,000, babu ginshiƙi ko ɗaya a tsakiyarsa, domin rufinsa a rataye yake a kan igiyoyin ƙarfe da aka saƙa kamar raga. Daga wannan zaure ne dabarar rufi mai rataya ta bazu zuwa manyan filaye da zaurukan wasanni na Turai da Asiya, har da waɗanda aka yi gasar Olamfik a cikinsu.

Asali da ƙuruciya

An haifi Nowicki a garin Chita na yankin Siberiya, can gabashin daular Rasha. A lokacin babu ƙasa mai suna Poland a taswirar duniya, domin Rasha da Jamus da Austriya sun raba ta a tsakaninsu tun ƙarshen ƙarni na 18. Saboda haka Polawa masu ilimi da yawa sun riƙa aiki a sassa masu nisa na waɗannan dauloli. Mahaifinsa, Zygmunt Nowicki, masanin shari'a ne da aiki ya kai shi Siberiya.

Da Poland ta sami 'yancin kanta a 1918, sai sabuwar gwamnati ta tura mahaifin birnin Chicago na Amurka a matsayin ƙaramin jakada, kafin daga baya ya zama ɗan majalisar dattawa. Zaman Chicago ya ba yaron Turanci tun yana ƙarami, ya kuma buɗe masa ido da ganin dogayen benaye na ƙarfe da gilashi waɗanda birnin ya shahara da su. Wannan Turanci ya yi masa rana bayan shekara ashirin da biyar, lokacin da rayuwa ta sake mai da shi Amurka.

Bayan iyalin sun koma gida, ya shiga sashen zanen gine-gine na Babbar Kwalejin Fasaha ta Warsaw a ƙarshen shekarun 1920, ya kammala a 1936. A wancan zamani ɗaliban Turai sun karkata ga sabon salon gini wanda Le Corbusier, ɗan asalin Suwizalan mazaunin Faransa, yake jagoranta: a bar ado da ƙawa na dā, a gina da kankare da ƙarfe da gilashi, a bar amfanin gini ya tsara siffarsa. Nowicki ya sha daga wannan rijiya, ko da yake daga baya ya yi wa akidar gyare-gyare masu ma'ana.

Ayyukan farko a Poland

A kwaleji ne ya haɗu da Stanisława Sandecka, abokiyar karatunsa, wadda ya aura a 1938. Tun suna ɗalibai suke aiki tare wajen zana fastoci da hotunan littattafai, har suka yi suna a wannan fanni a Poland kafin a san su da gini. Ƙwarewar hannu wajen zane ta zame masa babban jari. Waɗanda suka yi aiki da shi daga baya sun shaida cewa yakan fito da cikakkiyar surar gini a takarda cikin ɗan lokaci, ta yadda injiniya da mai kuɗi duk za su fahimci abin da ake nufi.

Cikin ayyukansa na gini kafin yaƙi akwai masaukin masu yawon buɗe ido a garin Augustów, a yankin tafkuna na arewa maso gabashin Poland, da kuma cibiyar motsa jiki a unguwar Grochów ta Warsaw, wadda ya zana tare da Zbigniew Karpiński. Ke nan tun farkon aikinsa ya fara cin karo da tambayar da ke gaban duk mai zana wurin wasa: yaya za a rufe fili mai faɗi ba tare da an tare wa 'yan wasa ko 'yan kallo wuri ba?

Yaƙi da rushewar Warsaw

Ranar 1 ga Satumba, 1939, Jamus ta auka wa Poland, Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke. 'Yan mamaya sun rufe jami'o'i, suka haramta wa Polawa ilimi mai zurfi. Malamai suka koma koyarwa a ɓoye, a gidaje da kuma ƙarƙashin inuwar makarantun koyon sana'a da aka bari a buɗe, alhali wanda aka kama yana iya rasa ransa. Nowicki yana cikin waɗanda suka ci gaba da koyar da zanen gine-gine da tsara birane a wannan hali.

A watan Agusta na 1944 mutanen Warsaw suka yi wa Jamusawa bore, aka gwabza kwana 63. Da aka murƙushe boren, sai sojojin Jamus suka kwashe mazauna birnin, suka bi unguwa-unguwa suna ƙonawa suna tarwatsa gine-gine da nakiya. Kafin yaƙi ya ƙare, kimanin kashi 85 cikin ɗari na gine-ginen birnin sun zama kufai.

A 1945 aka kafa Ofishin Sake Gina Babban Birni, Nowicki ya shiga cikin masu aikinsa, aka ɗora masa tunanin yadda tsakiyar Warsaw za ta kasance. Zane-zanensa sun nuna unguwar kasuwanci mai dogayen benaye, da hanyoyin masu tafiya a ƙasa da aka raba da na motoci, da majalisar dokoki mai siffar da'ira a kan tudun da ke kallon kogin Vistula. Ba a gina ko ɗaya daga ciki ba. Mulki yana ta komawa hannun 'yan kwaminis masu samun goyon bayan Tarayyar Sobiyet, kuma cikin 'yan shekaru gwamnati ta tilasta salon gini irin na Mosko, wanda ya yi hannun riga da abin da Nowicki ya zana.

Komawa Amurka

A ƙarshen 1945 aka tura shi ofishin jakadancin Poland da ke Chicago, birnin ƙuruciyarsa, domin kula da harkokin al'adu da neman goyon baya ga sake gina Warsaw. A 1947 ya shiga ayarin masana daga ƙasashe daban-daban da suka zana hedikwatar Majalisar Ɗinkin Duniya a New York, a ƙarƙashin jagorancin Wallace Harrison. Cikin ayarin akwai Le Corbusier da Oscar Niemeyer na Brazil. Nowicki yana cikin masu ƙarancin shekaru a wurin, kuma a matsayin mai ba da shawara ya zauna, amma zaman ya sanar da manyan masana sunansa.

Ganin yadda al'amura suka juya a gida, sai ya zaɓi ya zauna a Amurka. A 1948 Kwalejin Jihar North Carolina da ke Raleigh ta buɗe sabuwar makarantar zane a ƙarƙashin Henry Kamphoefner, aka ba Nowicki riƙon shugabancin sashen zanen gine-gine, matarsa ma ta shiga koyarwa. Shi ya tsara manhajar sashen, inda ya haɗa darussan fasahar gini da na tarihi da sanin halayyar ɗan Adam. A 1949 kuma ya yi aiki da Eero Saarinen wajen tsara harabar Jami'ar Brandeis a jihar Massachusetts.

A rubuce-rubucensa na wannan lokaci ya ƙalubalanci iƙirarin da masu sabon salo suke yi cewa amfanin gini kaɗai ke haifar da siffarsa. A ganinsa, da yawa daga cikinsu sha'awar wata siffa ce take jan su, sa'an nan su nemo mata hujja. Abin da ya nema shi ne ginin da ƙashin bayansa zai fito fili, mai kallo ya ga abin da ke ɗauke da nauyi da idonsa, kuma mutumin da ke ciki ya ji daɗin zama. Zauren Raleigh ne ya ba shi damar gwada wannan ra'ayi.

Aikin da aka ba shi a Raleigh

Jihar North Carolina tana yin babban bikin baje kolin amfanin gona da dabbobi kowace shekara a Raleigh. Manajan bikin a lokacin, Dakta J. S. Dorton, likitan dabbobi ne mai dogon buri. Yana son filin baje kolin ya zama wurin da za a riƙa amfani da shi duk shekara, ya kuma nuna wa duniya cewa jihar manoma ta shiga zamani. Aka ba kamfanin William Henley Deitrick, wani mai zanen gine-gine na Raleigh, aikin, shi kuma ya jawo Nowicki.

Bukatar farko ita ce rumfar da za a riƙa zagayawa da shanu da dawaki a gaban alƙalan gasa da dubban 'yan kallo, wadda kuma za ta dace da wasanni da manyan taruka. Irin wannan wuri yana da matsala guda da ta daɗe tana damun magina. Idan aka kafa ginshiƙai a tsakiya don su tallafi rufi, za su tare wa mutane gani, su kuma ci filin wasa. Idan aka ce a shimfiɗa ƙarfe daga bango zuwa bango, to gwargwadon faɗin wuri gwargwadon kaurin ƙarfen da ake bukata, har a kai inda yawancin ƙarfinsa zai ƙare wajen ɗaukar nauyin kansa, kuɗin aiki kuma ya yi ta hauhawa.

Nowicki ya bi ta wata hanya dabam. Ƙarfe ya fi nuna ƙarfinsa idan ana jan sa, kamar yadda siririyar igiyar guga take ɗauko ruwan da sanda mai kaurinta ba za ta iya tallafa a kwance ba. Kankare kuwa ya fi jure danni. Sai ya raba aikin gida biyu: igiyoyin ƙarfe su ɗauki rufi ta hanyar ja, kankare ya karɓi dannin da jan zai haifar.

Yadda rufin yake tsaye

Ƙashin bayan ginin manyan bakuna biyu ne na kankare, irin abin da maginan gargajiya ke kira bakan gizo, sai dai waɗannan ba a miƙe suke ba. Kowane baka ya kishingiɗa waje, ɗaya ya yi wannan gefe, ɗaya ya yi wancan, ƙafafunsu suka gitta juna a wurare biyu kafin su nutse cikin ƙasa, kamar ƙafafun kujera mai naɗewa. Lanƙwasar kowannensu irin layin da dutse ke bi ce idan aka jefa shi sama ya faɗo a nesa. Ƙololuwar kowane baka ta kai tsayin ƙafa 90, wato kimanin mita 27, faɗin zauren kuwa ƙafa 300 ne, kimanin mita 91.

Tsakanin bakunan biyu aka ɗaura igiyoyin ƙarfe, suka ɗan sunkuyo a tsakiya kamar igiyar shanya. Su ne ke ɗauke da nauyin rufin. Bakunan suna neman faɗawa waje, igiyoyin suna jawo su ciki, kamar yara biyu da suka riƙe hannun juna suka haɗa ƙafa kowa ya jingina baya. A ƙarƙashin ƙasa kuma an ɗaure ƙafafun bakunan da wasu igiyoyin ƙarfe da suka bi ta cikin rami, don kada su baje. Siraran ginshiƙai da ke kewaye da ginin suna tallafar nauyin bakunan, tsakaninsu kuma gilashi ne, shi ya sa hasken rana yake cika zauren.

Saura matsalar iska. Duk wanda ya taɓa ganin guguwar farkon damina ta yaye kwanon gida ya san cewa iska ba danna rufi kawai take yi ba, ɗaga shi take yi. Rufi marar nauyi da ke rataye a kan igiya zai yi ta kaɗawa har ya yage. Maganin da aka yi shi ne a gitta wasu igiyoyin a kan na farko, su kuma su lanƙwasa sama maimakon ƙasa, a ɗaure su tamau. Jeri na farko yana hana rufin faɗowa, na biyu yana hana shi tashi, kowanne yana riƙe da ɗan'uwansa. Siffar da wannan saƙa ta haifar ita ce ta sirdin doki: gaba da baya a ɗage, gefe da gefe a sauke. A kan ragar aka shimfiɗa kwano, aka kuma ƙara wasu siraran igiyoyi daga ciki don rage girgiza.

Siffar sirdin ta dace da zaman 'yan kallo. Kujerun suna hawa bene-bene a gefe biyu, suna bin bakunan, don haka inda kujeru suka fi tudu nan rufin ya fi tashi, inda babu kujeru kuma ya sauko. Ba a ɓata sarari ba, kuma duk inda mutum ya zauna yana ganin fili sarai. Kujerun dindindin sun ɗan haura 5,000, idan aka jera wasu a filin tsakiya adadin yakan kai kimanin 7,600.

Indiya da tafiyar ƙarshe

Yana cikin wannan aiki wani ya taso daga nesa. Da aka raba Indiya da Pakistan a 1947, birnin Lahore, hedikwatar lardin Punjab, ya faɗa ɓangaren Pakistan. Gwamnatin Jawaharlal Nehru ta yanke shawarar gina sabon birni, Chandigarh, don ya zama hedikwatar Punjab ta Indiya. Aka ba Albert Mayer, wani Ba'amurke mai tsara birane, aikin, shi kuma ya nemi Nowicki ya ɗauki ɓangaren gine-gine.

Tsarin da suka fitar ya yi kama da buɗaɗɗen mafici, da tituna masu lanƙwasa da ke bin yanayin ƙasa, da gine-ginen gwamnati a can sama wajen duwatsu. A tsakiyar 1950 Nowicki ya tafi Indiya, ya yi makonni yana aiki a garin Simla, inda ya zana majalisa, da kasuwanni, da cikakkiyar unguwa guda ta gwaji. Zanen gidajen ya nuna ya lura da yadda mutanen wurin ke rayuwa: tsakar gida, da inuwa, da baranda, da tagogi masu raga da ke shigo da iska su tare rana, da wuraren masu ƙananan sana'o'i a bakin titi.

A hanyarsa ta komawa Amurka ya hau jirgin kamfanin TWA mai lamba 903, wanda ya taso daga Bombay zai bi ta Alƙahira da Roma zuwa New York. Jim kaɗan bayan tashinsa daga Alƙahira da dare, injinsa guda ya kama da wuta. Matuƙan suka juya don su koma, amma jirgin ya faɗi a hamada kusa da Wadi Natrun, ranar 31 ga Agusta, 1950. Duk mutum 55 da ke ciki suka rasu.

Rasuwarsa ta sauya tarihin Chandigarh. Mayer bai ci gaba da jagorancin aikin ba, jami'an Indiya suka nufi Turai neman wasu masana, aikin ya koma hannun Le Corbusier tare da Pierre Jeanneret da Maxwell Fry da Jane Drew. Fry da Drew su ne ma'auratan nan 'yan Birtaniya da suka zana gine-ginen farko na Jami'ar Ibadan. Le Corbusier ya miƙar da titunan, ya mai da tsarin murabba'i-murabba'i, ko da yake ya riƙe wasu ginshiƙan tunanin Mayer da Nowicki, kamar raba birni unguwa-unguwa da ajiye gine-ginen gwamnati a sama.

Kammala zauren

Abin da Nowicki ya bari game da zauren Raleigh zane-zanen farko ne, ba cikakkun takardun da ɗan kwangila zai yi aiki da su ba. Deitrick ya ɗauki nauyin kammalawa ba tare da ya sauya ainihin tunanin ba, injiniya Fred Severud na New York, ɗan asalin Norway, ya yi lissafin igiyoyi da bakuna. Wannan lissafi ba ƙaramin aiki ba ne a zamanin da babu kwamfuta a ofisoshin injiniyoyi, kuma babu wani gini irinsa da za a duba a kwaikwaya. Saboda haka duk bayanin da ya yi adalci kan zauren yakan ambaci mutum uku: wanda ya yi tunanin, da wanda ya tabbatar da shi a lissafi, da wanda ya tsaya har aka gina.

An kammala ginin a 1952. A 1953 Ƙungiyar Masu Zanen Gine-gine ta Amurka ta ba shi babbar lambar yabonta. A 1961 aka sa masa sunan Dakta Dorton. A 1973 ya shiga kundin wuraren tarihi na ƙasar Amurka, a 2002 kuma Ƙungiyar Injiniyoyin Gine-gine ta Amurka ta ayyana shi a matsayin abin tarihi na aikin injiniya.

Ko da yake don dabbobi aka fara tunaninsa, har mutanen gari suka riƙa yi masa laƙabi da fadar shanu, wasanni sun mamaye kaso mai yawa na rayuwarsa. Ƙungiyar ƙwallon kwando ta Carolina Cougars ta buga wasu wasanninta na gida a ciki daga 1969 zuwa 1974, ƙungiyar hoki ta kan ƙanƙara mai suna Raleigh IceCaps ta zauna a ciki daga 1991 zuwa 1998. An yi kokawa da dambe da bukukuwan kiɗa da na yaye ɗalibai a wurin, kuma har yau ana amfani da shi, fiye da shekara saba'in bayan buɗe shi.

Tasirinsa a gine-ginen wasanni

Ba Nowicki ne ya fara rataya rufi a tarihi ba. Tanti tsohon abu ne, kuma injiniyan Rasha Vladimir Shukhov ya yi rumfuna masu rataye da ragar ƙarfe a bikin baje koli na Nizhny Novgorod tun 1896. Abin da zauren Raleigh ya ƙara shi ne nuna cewa raga mai siffar sirdi, wadda igiyoyinta ke ɗaure juna, za ta iya rufe babban gini na dindindin, ta jure iska da ƙanƙara, da kayan aiki kaɗan.

Wani ɗalibi Bajamushe, Frei Otto, da ya je Amurka karatu a farkon shekarun 1950, ya ga zanen zauren a ofishin Severud. Abin ya kama hankalinsa har ya rubuta kundin digirinsa na dakta a kan rufi mai rataya, ya kuma ƙarar da rayuwarsa a wannan fanni. Shi ne, tare da Günter Behnisch, ya yi shahararren rufin filin Olamfik na Munich na 1972. Eero Saarinen, abokin aikin Nowicki, ya yi amfani da igiyoyi wajen rufe zauren hoki na Jami'ar Yale da aka buɗe a 1958, kuma Severud ne injiniyansa. A Japan, Kenzo Tange ya rataya rufin zauren Yoyogi na gasar Olamfik ta Tokyo ta 1964. A Poland kanta, zauren Spodek na birnin Katowice, wanda aka buɗe a 1971, rufinsa a kan igiyoyi yake. Siffar sirdi ta sake fitowa a zauren Saddledome na Calgary a Kanada a 1983, da zauren tseren keke na gasar Olamfik ta Landan ta 2012.

Dabarar ta wuce fagen wasanni. Rumfunan tashar alhazai ta filin jirgin saman Jidda, da aka buɗe a 1981, daga wannan dangi suke, domin ja ne ke riƙe da su, sai dai a can wani irin yadi mai ƙarfi aka ɗame da igiyoyi maimakon kwano.

Tarihin irin wannan rufi yana da nasa gargaɗin. A 1957 aka buɗe zauren taro na Berlin ta Yamma, wanda siffarsa ta ɗauko daga na Raleigh amma aka sauya yadda nauyi ke sauka. A watan Mayu na 1980 wani ɓangare na rufin ya rufto, mutum guda ya rasu, bincike ya nuna cewa danshi ya shiga, tsatsa ta ci ƙarafan da ke riƙe da shi. Gini mai dogaro da ja ba ya yafe sakaci: rayuwarsa tana ga ingancin igiya da maɗaurinta, da kuma duba su a kai a kai. Daɗewar zauren Dorton shaida ce ga kyawun lissafinsa da kuma kulawar da masu shi suka ci gaba da yi.

Bayan rasuwarsa

Matarsa Stanisława ta ci gaba da koyarwa, ta koma Jami'ar Pennsylvania inda ta kai matsayin farfesa, ta yi shekaru da dama tana horar da masu zanen gine-gine. Ta rasu a 2018 tana da shekara 105. A 1954 marubucin nan Lewis Mumford, wanda ya san Nowicki ƙwarai, ya wallafa jerin maƙaloli a mujallar Architectural Record kan rayuwarsa da koyarwarsa da ayyukansa, inda ya sa shi a sahun gaba na masanan tsararsa. Zane-zanensa da dama suna ajiye a ɗakin karatu na Jami'ar Jihar North Carolina.

A Poland an daɗe ba a cika ambatonsa ba, kasancewar ya ƙi komawa ƙarƙashin mulkin kwaminis, sai daga baya masana suka dawo da sunansa ta hanyar littattafai da nune-nunen ayyukansa. Warsaw da ya zana ba a gina ta ba, Chandigarh da ya zana wani ne ya gina ta da nasa salon, zauren Raleigh kuma bai rayu ya shiga cikinsa ba. Amma tambayar da ya amsa a wannan zaure, ta yadda za a rufe dubban 'yan kallo ba tare da an tare wa ko ɗaya gani ba, tana gaban duk gwamnati ko kamfanin da zai gina filin wasa, kuma amsarsa tana cikin waɗanda injiniyoyi ke komawa gare su har yanzu.